Idan Eko Ya Cinye Kalma

A garuruwan da ke tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a yi taron da ya amsa sunansa ba a kafa lasifika ba, kuma da wuya a kafa lasifika ba a murɗa mata eko ba. Mai sanarwa a gidan biki zai ce "jama'a", na'ura ta yi ta maimaita masa ƙarshen kalmar har sau uku kafin ta yi shiru. Sha'iri a majalisin Maulidi ba ya jin bege ya kankama sai muryarsa tana dawo masa. A coci ma haka abin yake: mai jan waƙa zai waiwayi yaron da ke kan na'ura, ya yi masa alama da yatsa cewa a ƙara. Kunnenmu ya saba, har ta kai idan murya ta fito a bushe sai a ɗauka kayan ne ƙanana, ko kuwa mai su bai iya aikinsa ba.

Ni ɗan jarida ne, kuma mafi yawan shekarun aikina a rediyo na yi su, inda ake lulluɓe bangon situdiyo da soso domin kada murya ta sami abin da za ta daka ta dawo. Da wannan kunnen na amsa kiran wani abokina da muka yi sakandare tare, lokacin da ya nemi in taya shi ɗaukar waƙoƙin Kirsimeti na mawaƙan cocinsu, wata 'yar majami'a a gefen hanyar da ta tashi daga Jega ta ratsa Maiyama zuwa Koko. Shi ne mai zama bayan miksa kowace Lahadi, aikin sa kai, babu ko sisi. Makonni uku na yi ina zuwa wurinsu, na kuma baro su da yaƙini guda: ginin ya riga ya zuba nasa ekon tun kafin mai na'ura ya taɓa maɓalli, Hausa kuwa harshe ne da eko ke saurin cinye wa ma'ana.

Abu biyu, suna ɗaya

Abin da muke kira eko abu biyu ne a wurin masu haɗa sauti. Na farko shi ne dile, wato maimaici: sauti ya fita, a ɗan jinkirta, sannan ya dawo sak yadda yake, kamar wanda ya yi kira a gindin dutse ya ji amsa-kuwwa. Na biyu shi ne ribab, wanda na fi son in kira wutsiyar sauti: dubban ƙananan dawowa daga bango da rufi da daɓe, sun cakuɗe har kunne ba ya iya ƙirga su, sai dai ya ji amo yana ja yana dusashewa, kamar wanda ya yi magana a cikin sabon ɗakin da ba a sa kaya ba.

Lokaci ne ya raba su. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafi yana maki 20, a zafin Afrilu na Kebbi kuwa, da yakan haura maki 40, yakan kai mita 355. Wani Bajamushe, Helmut Haas, ya nuna a bincikensa na 1949 cewa idan dawowar magana ta iso kunne da wuri, kunne yakan haɗe ta da ta asali ya ji murya ɗaya mai ƙarfi. Idan jinkirin ya wuce kimanin milisakan 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, sai ta fara zama murya ta biyu mai katsalandan. A majami'a mai tsawon mita 20, muryar mai waƙa takan je bangon baya ta dawo, tafiyar mita 40 ke nan, cikin kimanin milisakan 115. Ashe ginin yana da nasa dilen, ko an kawo wuta ko an ɗauke.

Ɗakin ma yana waƙa

Mutumin da ya fara auna wutsiyar sauti da lissafi shi ne Wallace Sabine. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora masa gyaran wani zauren lacca da ba a gane abin da malami ke faɗa a cikinsa, domin kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa biyar tana yawo. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da dare, yana jera su, yana busa bututun molon coci yana duba agogo, har ya gano ƙa'idar da ake amfani da ita zuwa yau: a ninka girman cikin ɗaki da 0.161, a raba da adadin abin da ke shan sauti a ɗakin, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da sauti zai yi kafin ya mutu. Da wannan ƙa'ida aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Mu gwada ta a kan irin ginin da muka sani. Tsawo mita 20, faɗi 10, tsayi 5, bulo da filastar siminti, daɓen tayil, rufin kwano babu silin, kujerun roba. Cikinsa mita 1,000 ne mai kusurwa uku-uku. Bango da rufi da daɓe sun kai murabba'in mita 700, kuma irin waɗannan kayan ba su shan abin da ya wuce kashi biyar cikin ɗari na sautin da ya dake su, wato kamar murabba'i 35. A ƙara 20 na tagogi da ƙofofin da ke buɗe, ya zama 55. Lissafi ya ba mu kusan daƙiƙa uku idan ɗakin babu kowa. Amma jikin mutum da tufafinsa suna shan sauti, kowane mutum kusan rabin murabba'in mita. Idan mutum 200 suka cika ɗakin ranar Lahadi, wutsiyar takan sauko zuwa daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Ranar addu'ar tsakiyar mako, da mutum talatin kacal, tana sama da daƙiƙa biyu.

Lissafin kusa-kusa ne, amma ya isa ya nuna cewa ɗaki ɗaya yakan zama ɗaki uku cikin mako guda. Masana sun daɗe da sanin cewa magana ta fi fitowa a wurin da wutsiyarsa ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba, manyan zaurukan kiɗa kuwa suna wajen daƙiƙa biyu. Wanda ya saita maɓallinsa ranar Asabar ya manna masa salatif domin kada yara su taɓa, ya saita shi ne domin wani ɗakin da ba shi za a yi sujada a ciki ba.

Kakanninmu ba su san wannan matsala haka ba. Zauren ƙasa mai kaurin bango, rufin azara ko na ciyawa, tabarmi a shimfiɗe, duk masu shan sauti ne fiye da siminti da tayil. Da muka koma ginin zamani, a masallatai da majami'u da ɗakunan taro baki ɗaya, mun sami tsabta da ƙarko, muka kuma sayo amon da ba mu yi cinikinsa ba.

Abin da Hausa ke asara

A Lahadin farko da na je, bayan an tashi, wata dattijuwa daga cikin Zumuntar Mata ta tsaya a gaban teburin abokina ta ce, "Ɗana, waƙag ga tun ina yarinya na san ta, amma yau sai da aka kai tsakiya na gane ita ce. Mi ya sami na'urarku?" Ya ce, "Mama, lafiyarta lau." Gaskiya ya faɗa. Na'urar tana yin abin da aka sa ta.

Wasali ya fi baƙi ƙarfi a kowane harshe, saboda haka wutsiyar wasali takan rufe baƙin da ke biye da shi. Hausa kuwa ta jingina ma'ana mai yawa a kan ƙananan bambance-bambance. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ɗan motsin maƙogwaro ne da ba ya kai ƙiftawar ido. Tsakanin mana da manna, tsawon harafi ɗaya ne. Tsakanin gari na mutane da garin tuwo, jan wasali ne. Mafi nauyi a wurin ibada shi ne wannan: idan aka ce "Allah ya ba mu", da dogon "ya" mai hawa, godiya ce kan abin da aka samu, da gajeren "ya" mai sauka, roƙo ne kan abin da ake jira. A rubuce iri ɗaya suke, kunne ne ke raba su. Na'urar da ke ja wa kowane wasali wutsiya tana share ainihin iyakar da ke tsakanin godiya da roƙo.

Mai magana yakan furta gaɓa huɗu zuwa biyar a daƙiƙa, kowace gaɓa milisakan 200 zuwa 250 ke nan. Ekon da ke cikin ƙananan amfilifaya da miksoci masu araha yawanci daga wani ɗan guntun lantarki yake fitowa, PT2399 ko danginsa, wanda wani kamfanin Taiwan ya ƙera domin na'urorin karaoke, kuma jinkirinsa yana tsakanin milisakan 30 da 340. Idan aka tsayar da maɓallin a tsakiya, maimaicin kowace gaɓa yakan faɗo daidai kan gaɓar da ke bin ta. Mai wa'azi yana magana, wani mai irin muryarsa yana yi masa shisshigi.

Waƙoƙin coci na Hausa suna da ƙarin rauni a nan. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, aka ɗora su a kan karin da aka tsara domin wani harshe. Karin kiɗan ya riga ya danne hawa da saukar kalmomin Hausa, abin da ya rage wa mai sauraro shi ne baƙaƙe da tsawon wasula, su ne kuma eko ke fara ci. Sannan majami'un wannan yanki ba na Hausawa zalla ba ne. Akwai mutanen ƙasar Zuru, akwai 'yan kasuwa da ma'aikata daga Kudu, akwai ɗaliban jami'ar Aliero da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda Hausa ko Turanci harshe na biyu ne a wurinsu. Wanda ya tashi da harshe yakan cike gurbin abin da bai ji ba da hasashe. Baƙo da tsoho mai nauyin kunne ba su da wannan rarar.

Inda sha'awar ta samo asali

Ba zargin kowa nake yi ba, domin son amo mai ja tsohon abu ne, kuma yana da dalili. Kunne yana auna girman wuri da tsawon wutsiyar sauti, girma kuwa yana sa kwarjini. Hajiya Sofiya ta Santambul, wadda aka kammala a shekara ta 537 a matsayin coci, yau kuma masallaci ce, tana riƙe sauti fiye da daƙiƙa goma. Sai dai waƙar da aka tsara domin irin waɗannan gine-gine a hankali ake rera ta, murya ɗaya, ana jan wasali, babu ganga. Masu ita sun san gininsu, suka yi waƙa daidai da shi.

Daga baya situdiyo ta koyi kwaikwayon gini. A 1954 Sam Phillips ya yi amfani da jinkirin tef a kan muryar Elvis Presley a Memfis. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wani faifan ƙarfe mai tsawon kusan mita biyu da ke samar da wutsiyar sauti, a 1976 kuma ya fito da na lantarki zalla. A Jamaika, King Tubby ya mayar da eko kayan kiɗa mai zaman kansa a shekarun 1970. Duk waɗannan suna zuba amo ne a kan muryar da aka ɗauka a busasshen ɗaki. Mu kuma muka ji sakamakon a kaset da waya da YouTube, muka so shi, muka ɗauko shi muka zuba a ɗakin da ya riga ya jiƙe.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Eko sutura ce. Yana rufe muryar da ke rawa, yana ɓoye wanda ya kauce wa kari, yana ba mai jin kunya ƙarfin gwiwa. Wata yarinya cikin mawaƙan ta gaya mini cewa idan aka kashe shi ji take kamar an cire mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma duk mai son rage eko dole ya san abin da zai ba ta a madadinsa.

Yadda muka daidaita

Mun fara da gini. Muka rataya manyan labule masu kauri a bangon baya, wanda shi ne ke dawo da murya, muka shimfiɗa darduma a gaban dandamali, muka sauko da lasifikokin da ke fuskantar kwano muka karkata su zuwa kan mutane. Muka rage ƙarfi gaba ɗaya, domin yawan ƙara yana tayar da amon ɗaki ne kawai. Kafin a taɓa wani maɓallin eko, rabin hayaniyar ta tafi.

Sannan muka raba magana da waƙa. Makirfon wa'azi da karatu da sanarwa da addu'a, babu eko ko kaɗan. Wasu ƙananan miksocin Yamaha suna da ramin da ake jona maɓallin ƙafa, mai na'ura ya taka ya kashe ekon da zarar mai jan waƙa ya daina rerawa ya fara magana. Inda babu shi, yatsa ya isa, muddin idon mai na'ura yana kan dandamali.

Ganga da tulu da jita mai kauri muka bar su a bushe, domin ƙananan sautuka su ne ke fi daɗewa a ginin siminti. A kan muryar mai jan waƙa kaɗai muka bar 'yar wutsiya, wadda ba ta wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba, muka yanke mata kaurin ƙasa, muka kuma sa ta jira kamar milisakan 50 kafin ta shigo, domin baƙin farko ya sami fita sarai. Ma'aunin da na ba abokina shi ne ya ɗaga ta har sai ya ji ta, sannan ya dawo baya kaɗan. Yarinyar nan mai jin kunya kuwa muka matso mata da 'yar sifikar da mawaƙa ke jin kansu, babu eko a ciki domin yana jawo kukan makirfo. Da ta fara jin muryarta sosai, tsoron ya ragu.

Dile yana da wurinsa a waƙa mai tafiya a hankali, amma da lissafi. A raba 60,000 da yawan bugun waƙa a minti ɗaya. Waƙa mai bugu 75 tana son jinkirin milisakan 800, maimaici ɗaya tak, a ƙarshen ɗango inda mai waƙa ke numfashi. A waƙoƙin Zumuntar Mata kuwa muka cire shi ɗungurungum. Waƙar ja da amshi ce, irin ginin da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙinsu a kai, kuma gurbin da ke bayan muryar mai ja na 'yan amshi ne. Idan na'ura ta riga su shiga, ta ƙwace musu wuri.

Akwai lokutan da eko ke zama wajibi. Taron fili ba shi da bango, murya takan fita tsirara, ƙarin wutsiya yana yi mata kyau. Sautin da ake turawa Facebook kai tsaye daga miksa bai ratsa ɗakin ba, saboda haka yana buƙatar nasa amon daban da na cikin majami'a. Akwai ma dilen da amfaninsa shi ne kada a ji shi: idan jama'a sun yi yawa an kafa rumfa a waje da lasifika mai nisan mita 20 daga dandamali, sai a jinkirta ta da kimanin milisakan 60, kusan uku ga kowace mita, domin sautinta ya iso tare da na ciki. Miksoci irin Behringer X32 suna da wannan a kowace mafita. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Kuɗin silin

Da kwamitin majami'ar suka zauna kan kuɗin da aka tara, ra'ayin matasa shi ne a sayo sabon miksa mai eko iri-iri. Abokina, wanda shi zai fi kowa jin daɗin sabuwar na'ura, ya miƙe ya ce, "Baba Fasto, a yi mana silin tukuna." Hujjarsa ita ce silin mai shan sauti zai rage amo, ya rage zafin bazara, ya kuma kashe rugugin ruwan Agusta a kan kwano, wanda kan sa a ƙure sifika har kunne ya yi zafi. Ba kowa ya gamsu ba, domin na'ura ana ganinta ana yabawa, silin kuwa da an kwana biyu an manta da shi.

Wannan muhawara ba ta tsaya a coci ba. Manzo Bulus ya taɓo ta a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, inda ya buga misali da kayan busa da ba a rarrabe sautinsu. Malaman tajwidi sun shafe ƙarnoni suna auna tsawon madda da fitar kowane harafi daga mafitarsa, sai ga maɓalli ɗaya a masallacin tayil yana iya dagula aikin a daren tahajjud. Shugaban makaranta a taron iyaye, ma'aikaciyar lafiya mai bayanin rigakafi a dandalin kasuwar Jega, jami'in gona mai yi wa manoman albasa na Aliero bayanin taki, duk ta makirfon haya suke magana, kuma mai hayar ya murɗa musu eko tun kafin su iso.

Mu da muka yi karatu mu ne ke zama a kwamitocin gine-ginen nan, mu ke sa hannu a takardar sayen kaya. Kafin a amince da tayil har bango, ko a biya kuɗin wata sabuwar na'ura, ya kamata wani daga cikinmu ya je sahun ƙarshe, ya zauna kusa da mafi tsufan mutanen wurin, ya tambaye shi abin da aka ce.